Shekarun takarda da sojan gona: tambayoyin da ake yawan yi mini

Shekara talatin da ɗoriya na yi da alli a hannu, daga ƙauyukan Dakoro da Mayahi har aka dawo da ni cikin garin Maradi, kuma babu takardar da ta fi wucewa ta hannuna kamar takardar haihuwa. Tun da na ajiye aiki, tsofaffin ɗalibaina da maƙwabta sukan tare ni a ƙofar gida ko su turo saƙo ta salula, tambayoyin kuwa kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan tare da amsar da nakan bayar. Ni ba alƙali ba ne, ba kuma mai fatawa ba, mushe ne, wato malamin makarantar boko (lakkol), da ya ga abubuwa.

Mushe, takardata ta ce an haife ni 1 ga Janairu, alhali ko mahaifiyata ba ta san ranar ba. Na shiga sahun maƙaryata ke nan?

Ba ka shiga ba. Iyayenmu ba da kalanda suke lissafi ba, da damina suke yi da kuma abin da ya auku. Za ka ji an ce wane ɗan shekarar da ruwan gulbi ya cinye tsohon gari ne, wato 1945, ko an haifi wance da damina biyu bayan Kunce ya karɓi mulki a 1974, ko kuwa an yaye ta lokacin yunwar El-Buhari ta 1984. Ranar da ake buƙatar takarda sai a tafi gaban alƙali da shaidu, a dubi yaro, a rubuta cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Da kwamfuta ta zo ta ƙi karɓar shekara ba rana ba wata, sai aka cike gurbin da 1 ga Janairu. Shi ya sa a aji guda sai ka tarar da yara ashirin duk ranar haihuwarsu ɗaya.

Wannan kirdado ne. Mai kirdado ya faɗi iyakar saninsa, maƙaryaci kuwa ya san gaskiya ya kauce mata. Duk sauran abin da zan faɗa a ƙasa kan na biyun ne.

To in uba ya rage wa ɗansa shekara biyu ko uku don a karɓe shi lakkol, wa ya cuta?

Wannan tambayar ta fi kowace ci mini rai, domin da hannuna na taɓa yi. A wani ƙauye, ranar ɗaukar sababbin yara, muna da dabarar da muka gada: a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, in ya kai to ya isa shiga. Wani dattijo ya kawo mini jikansa da ya sha kiwon awaki, yaro ya kai goma sha ɗaya ko makaho ya shafa ya sani. Ya ce: «Mushe, ka taimake shi don Allah, ubansa ya rasu.» Na rubuta takwas. Har yau ban yi nadamar shigarsa aji ba, domin benci yana da wuri, ba a kori kowa don shi ba.

Inda abin ya dame ni shi ne bayan shekara shida. A lokacin akwai iyakar shekarun shiga kwaleji, guraben kuma a ƙidaye suke. Yaron nan ya wuce da shekarun da na ara masa, wata yarinya da ke biye da shi a maki, wadda shekarunta na gaskiya ne, ta zauna gida. Kafin damina biyu an yi mata aure. Ban san yadda rayuwarta za ta kasance ba da ta wuce, amma na san alƙalamina yana cikin abin da ya tare ta.

Saboda haka ga awon da nake amfani da shi. In ƙofa a buɗe take ga kowa, ƙaryar ta tsaya tsakanin mai ita da Ubangijinsa, kuma ina iya yi masa uzuri ko da ban ce ya kyauta ba. In kuwa gurbi a ƙidaye yake, jarrabawar shiga aikin soja ce, ko ta jandarma, ko tallafin karatu, to duk shekarar da ka rage, daga aljihun wani ka ɗauke ta. Ba ka san sunansa ba, ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba, shi ya sa abin ba ya yi maka nauyi. Haka nan ma'aikacin da ya gyara takarda don ya ƙara shekara biyar kafin ritaya: kujerar da ya ƙi tashi a kai, akwai wanda ya fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yana kabu-kabu yana jiran ta.

Amma ai kowa na yi, har manya.

Suna yi, kuma wani lokaci asiri kan tonu a bainar jama'a. Maƙwabtanmu ba su manta da Salisu Buhari ba, wanda ya zama shugaban majalisar wakilan Najeriya a 1999. Ya ce shekarunsa 36, ashe 29 ne, tsarin mulki kuwa a lokacin ya ce sai mai 30 zai shiga majalisar. Ya kuma ce yana da digirin Jami'ar Toronto, jami'ar ta ce ba ta san shi ba. Bai cika wata biyu a kujerar ba ya sauka yana hawaye. Shi ƙari ya yi, ba ragi ba, amma hanyar ɗaya ce. «Kowa na yi» yana bayyana dalilin da ya sa ba ka ji kunya ba, ba ya mayar wa wanda aka ture haƙƙinsa.

Ɗana yana buga ƙwallo, mai horar da su ya ce sai an yi masa sabuwar takarda. Me ka gani?

Kada ku yarda. A harkar ƙwallo wannan cuta ta daɗe, kuma mu ma ta taɓa mu. A gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Aljeriya a 2009, an kori Nijar bayan ta kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda shekarun ɗan wasa, Malawi ta maye gurbinta har zuwa gasar duniya. Shekara ashirin kafin nan, a 1989, FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga wasannin matasa saboda ranakun haihuwar wasu ƴan wasanta sun saɓa daga gasa zuwa gasa. Daga 2009 FIFA ta shigo da hoton wuyan hannu na na'urar MRI: ana duba ko ƙashin ya gama haɗewa, in ya haɗe sai a ɗauka yaro ya wuce 17. A 2016 ƴan wasan Najeriya 26 suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Nijar, muka kuwa fitar da su alhali su ne ke riƙe da kofin duniya. A Kamaru ma, zamanin shugabancin Samuel Eto'o, 21 cikin 30 suka faɗi a zama ɗaya.

Ka tuna watan Fabrairun 2019, da aka buga wasu wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 20 a filin wasa na Maradi, yadda yaran unguwanni suka riƙa hawa katanga don kallo. Yaro mai 15 na gaske a cikinsu, in aka haɗa shi da ƙato mai 21 a gasar ƙanana, ba ya fitowa, sai a ce ba shi da ƙarfi a sallame shi. Shi kuma ƙaton da ya haskaka cikin yara, ranar da ya shiga cikin tsararsa sai a rasa inda ya shige. Mai horarwa ya ci kofinsa, yara biyu sun tafi a banza.

Me addini ya ce a kan wannan?

Nassosin a fili suke, ɗan makarantar allo ma ya ji su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ya kuma kwatanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Game da ɗaukar sunan wani, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, kuma akwai hadisi mai tsanani a kan wanda ya jingina kansa ga wani uba yana sane. Masu karɓar takardar yayansu ko ta ɗan kawu da ya rasu su ci jarrabawa da ita, su riƙa amsa sunan har tsufa, ya kamata su zauna da wannan hadisin.

Akwai kuma labarin Abdullahi ɗan Umar. An gabatar da shi ranar Uhudu yana da 14 aka mayar da shi gida, aka karɓe shi ranar Khandaƙ yana da 15. Yana son tafiya, abin kuma alheri ne, amma ya jira shekararsa ta cika.

Ina neman aure. Dole ne in faɗa mata shekaruna na gaskiya, da cewa ina da mata a Kano?

Dole ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba a ce ka shiga zaure kana shelar shekarunka ba, kuma shafa wa gemu shuni ba shi ne laifin ba, kowa na son a gan shi da kyau. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka tambaye ka ka kauce, ko ka san da an sani da ba za a ba ka ba, ka yi shiru da gangan. Yarinya da waliyyinta sun ce «mun yarda», to da wa suka yarda? Da saurayi mai 32 da ka zana musu, ko da magidanci mai 47 da ɗiya shida? In da na farko ne, to yardar ba taka ba ce, ta wani ce da babu shi. Malamanmu na Malikiyya sun yi babi guda a kan wannan: in an gindaya sharaɗi a aure aka yaudari mutum a kansa, yana da zaɓin ya zauna ko ya warware.

Mata ma ba su tsira ba. Akwai bazawarar da ake kai ta wata unguwa a ce budurwa ce, a ɓoye ɗan da ta bari wurin kaka, yaro ya tashi yana kiran uwarsa «Yaya» a gaban baƙi. Na fahimci abin da ke kai su ga haka, domin mu maza mun mayar da shekarun mace abin ciniki, mace ta haura 25 sai a fara yi mata kallon kwantai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma wanda ya fi kowa biyan bashin nan shi ne yaron, shi kuwa ba a shawarce shi ba.

Ina amfani da wani suna a Facebook, ba nawa ba. Wannan ma sojan gona ne?

Ba lalle ba. Mu Hausawa mun daɗe da sanin ɓoye suna ba tare da ƙarya ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata ba ta kiran sunan miji, wanda aka sa wa sunan kaka sai a ce masa Abba ko Baba, a fada kuma kowa da laƙabinsa har a manta na yanka. Yaran tashe suna sa gemun auduga su zama tsofaffi, ba wanda ya ce sun yi ƙarya, don kowa ya san wasa ne. Wadda ta sa «Ƴar Katsinawa» da hoton fure don kada maza su dame ta, sutura ta yi.

Sojan gona shi ne wanda ya ɗauki hoton wata ya ce shi ne ita, ya yi wata uku yana hira da wani har ya karɓi kuɗin kati da na anko. Ko wanda ya ɗauki sunan wani malami ko wani alhaji sananne yana neman taimakon masallaci. Ko mai kiran tsohuwa da dare ya ce shi likita ne, ɗanta ya yi hatsari a hanyar Ɗan Isa, a turo jika hamsin yanzu. Tambayar da za ka yi wa kanka guda ce: in wanda nake magana da shi ya san ko ni wane ne, zai ci gaba da ba ni abin da yake ba ni, kuɗi ne, sirri ne, ko zuciya? In amsar a'a ce, ka tsallaka.

Yaya za mu kare yara daga babban da ke shiga rigar yaro a salula?

A nan ba ni da uzurin da zan yi wa kowa. Duk sauran masu rage shekaru suna neman gurbi ne ko aure, wannan kuwa kura ce da fatar akuya. Yakan ce shi ɗan aji uku ne a kwaleji, ya yi magana irin tasu, ya turo kuɗin kati, ya nemi hoto, daga nan ya nemi wanda ba ya nunuwa, sannan ya juya ya ce in ba a yi abin da yake so ba zai watsa. Abin da yake dogara da shi shi ne yarinya ta fi tsoron babanta fiye da shi.

Saboda haka maganin farko yana gida: ɗiyarka ta san in ta zo ta faɗa maka, ba bulala za ta fara gani ba. Kada a share saƙonnin, a ɗauki hotonsu da lambar, a kai wa ƴan sanda ko jandarmomi. Tun 2019 Nijar tana da dokar laifukan intanet. Kada a biya ko dala, wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. Sai kuma abin da ba mu son ji: Facebook da TikTok sun sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekaru, amma mu ne ke buɗe wa ɗan shekara tara shafi mu rubuta masa 20. Ƙaryar farko a salularsa tamu ce.

Na ji ana cewa wasu ba don kuɗi suke yi ba, ciwo ne. Ba su cancanci tausayi ba?

Akwai irinsu. Wani Bafaranshe, Frédéric Bourdin, yana da shekara 23 a 1997 ya ce shi ne wani yaron Texas a Amurka da ya ɓata tun 1994 yana da 13. Launin idonsa daban, harshensa na Faransa, amma dangin suka karɓe shi ya zauna cikinsu watanni, sai da zanen yatsa ya tona shi aka ɗaure shi shekara shida. Da ya fito bai daina ba: a 2005 an same shi a wata makaranta a garin Pau yana cewa shi maraya ne mai 15. Shi dai abin da yake faɗa, gida yake nema da wanda zai so shi. A Sikotilan kuma wani Brian MacKinnon, yana da 30 a 1993, ya koma makarantar da ya gama tun da daɗewa da sunan Brandon Lee, don ya sake samun hanyar karatun likita. Sai a 1995 aka gano shi.

Ina tausaya musu, kamar yadda nake tausaya wa mayunwacin da ya fasa rumbu. Amma ka dubi uwar yaron nan na Texas: ɗanta ya ɓata sau ɗaya, mutumin nan ya sa ya ɓace mata sau biyu. Tausayi yana iya sassauta hukunci, yana iya sa a kai mutum wurin likita maimakon kurkuku. Ba ya hana a fitar da shi daga ajin yara a ranar da aka gane shi.

Ƙara wa yarinya shekaru fa?

Ana yi, a ce mai 13 ta kai 16 don a rufe bakin mai tambaya. Dokar ƙasa ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, kuma ko wannan ana ta muhawara a kai. Bambancin wannan da sauran shi ne mai shekarun ba ita ta yi ƙaryar ba, a kanta aka yi. Takarda tana iya cewa 16, ƙugunta ranar haihuwa ba ya karanta takarda, ungozomomi da masu jinyar yoyon fitsari sun fi ni sanin wannan.

Na gano abokin aikina da takardar wani yake aiki. In tona?

Ka fara duba zuciyarka, ko gyara kake so ko kujerarsa. Sannan ka duba aikin. In yana yi wa mutane allura ne da takardar da ba tasa ba, ko yana koyar da yara da sunan aro, ko yana shirin auren ɗiyar mutane a kan ƙarya, to shirunka ya sa ka cikin laifin, kuma wanda aka nemi shawararsa a kan mai neman aure wajibi ne ya faɗi abin da ya sani. In kuwa dattijo ne da mushensa ya rage masa shekara biyu tun yana yaro, saura kaɗan ya huta, ka same shi ku biyu ka yi masa magana, ko ka bar shi. A kowane hali, wurin da ke da ikon gyara ake kai magana, ba zauren WhatsApp ba. Wanda aka watsa a salula ba shi kaɗai ake kunyatawa ba, har ɗiyansa a lakkol.

Ni na rage da kaina, yanzu abin na damuna. Ta ina zan fara?

Ka raba abin gida biyu. Na takarda, kotu ce ke gyara shi, ba wani mai tebur a bakin ma'aikatar magajin gari ba; yin takarda ta biyu a wani gari ƙarya ce a kan ƙarya, doka kuma tana hukunta ƙirƙirar takarda da amfani da ita. Ka nemi wanda ya san shari'a ya faɗa maka abin da gyaran zai taɓa, domin takardun jarrabawarka da na aiki duk a kan tsohuwar ranar suke.

Na mutane ya fi wuya. Matarka ta sani, ƴaƴanka su sani, likitanka ma ya sani, don da shekarun jiki yake auna magani. In ka san wanda ka ture, ka neme shi. Ni na nemi yarinyar nan bayan na yi ritaya, na same ta a wani ƙauye kusa da Kornaka da jikoki biyu. Na faɗa mata abin da na yi. Ta yi dariya ta ce: «Mushe, ai na yafe, amma ga wannan, ka ga ba ta da takarda.» Ta turo mini jikarta ƴar wata huɗu. Washegari muka hau babur ni da mijin ɗiyarta muka tafi aka rubuta ta, da ranar da ungozoma ta faɗa.